Bindigar Gasa Ɗinkin Tela Ce: Laccar da aka Gabatar a Sabon Layi, Mubi



Da aka ce in zo in yi magana a kan bindiga a garin Mubi, sai da na yi jim. Garin da ya kwana a hannun Boko Haram daga ƙarshen Oktoba na 2014 zuwa tsakiyar Nuwamba, har suka laƙaba masa wani suna, ba wurin da mutum zai miƙe yana yabon ƙarfe ba ne. A ɗakin nan akwai wanda ya haye duwatsu a ƙafa zuwa Kamaru, akwai wadda har gobe in tayar mota ta fashe sai gabanta ya faɗi. Na san da haka. Amma kuma a ɗakin nan akwai maharban da suka saɓa adaka suka shige gaba tare da sojoji aka ƙwato garin. Su suka ba ni ƙarfin gwiwar tsayuwa, domin babu wanda ya fi maharbi sanin cewa bindiga tana da ladabi, kuma wanda bai koyi ladabin ba shi ne abin tsoro.

Maganata a kan wata ƙaramar bindiga ce da ake wasa da ita a gasar Olamfik, ana harbin takarda. Kuma abin da nake so ku tafi gida da shi ɗaya ne: bindigar gasa kamar kaftani take, sai an auna mai ita an ɗinka masa. Wanda ya fara da buɗe aljihu kafin a gwada masa awo, ya yi asarar kuɗinsa.

Bari in fara da harsashin, tunda shi ya ba bindigar suna. Harsashin da kuka saba gani yana da ɗan maɓalli a tsakiyar gindinsa, nan allurar bindiga take duka wuta ta kama albarushi. Wannan da nake magana a kai ba shi da maɓallin. An zuba sinadarin da ke tayar da wutar a cikin leɓen kwanson ne, zagaye, sai allura ta matse leɓen ya kama. Shi ya sa zan riƙa kiransa harsashi mai kamawa ta gefe. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ya ƙirƙiro dabarar a 1845, sannan a 1887 wani kamfani a Amurka, Stevens, ya fito da samfurin da duniya ta riƙe har yau, wanda ake rubutawa .22, wato faɗinsa milimita 5.6. Dalmar da ke bakinsa ba ta kai giram 3 ba. Ba ya naushin kafaɗa, ƙararsa ba ta kai ta adaka ba, shi ya sa ya zama harsashin koyo da na gasa.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Yana kisa, kuma in aka harba shi sama yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. A ƙasa mai duwatsu irin tamu, in ya daki dutse yakan karkata ya nufi inda ba a aike shi ba. Saboda haka ba a wannan wasa a bayan gida ko a gona. Ana yin sa a fili na musamman, mai tudun ƙasa a bayan allo, da alƙali mai ba da umarnin ɗurawa da na tsayawa.

Ba zan ɓoye muku asalin wasan ba. Daga yaƙi ya fito. Bayan da Turawan Ingila suka sha wuya a hannun manoman Afirka ta Kudu masu saiti, a 1901 suka kafa ƙungiyar koya wa leburori harbi da ƙananan bindigogi, Lord Roberts yana shugabanta. Sannu a hankali maganar yaƙi ta zube, wasan ya rage. Mu ma ai haka hawan daba yake: dawakan yaƙi ne jiya, yau kwalliyar salla. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a Atina a 1896, hukumar da ke kula da shi a duniya kuma tana da hedikwata a birnin Munich na Jamus.

To, yaya gasar take? Allo yana nesa da kai mita 50, kusan rabin filin ƙwallo. A kansa akwai baƙar da'ira mai faɗin santimita 11, cikinta da'irori suna ta ƙanƙancewa har zuwa ta tsakiya mai maki goma, wadda faɗinta milimita 10.4 ne. Ku dubi farcen ƙaramin yatsanku, kusan shi ke nan. Ana harbi a durƙushe, ana yi rub da ciki, ana yi a tsaye. Ba a yarda da madubin da ke jawo nesa kusa ba, da idonka za ka duba. A gasar Olamfik ta Faransa a 2024, harbi 20 aka yi a kowane hali, 60 ke nan, maki 600. Wani ɗan Indiya, Swapnil Kusale, ɗan ƙauye ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ci 590, kuma da wannan makin na bakwai ya zo a zagayen share fage, kafin ya je ya ɗauko tagulla a zagayen ƙarshe. Ku lissafa: a harbi 60, maki 10 kawai ya zubar, amma akwai mutum shida a gabansa.

Ga dalilin da ya sa abin yake da wuya. Tsakanin saitin baya da na gaba bai kai mita ɗaya ba, allo kuwa yana mita 50. In idonka ya kauce da kaurin silin gashi, kashi ɗaya cikin goma na milimita, a kan allo ya zama kusan milimita 6. Bugun zuciyarka ma yana ɗaga bakin bindiga. Daga nan za ku gane me ya sa nake maganar tela.

Ranar da na fara kwanciya a bayan irin wannan bindiga, ta aro ce. Mai ita dogo ne, ni kuwa kun gan ni. Na yi ta miƙa wuya kamar zakaran da ke leƙen rumbu don idona ya kai ga saiti. Harbi goma na yi, takardar ta fito kamar an watsa wa kaji tsaba. Na tashi ina cewa bindigar ce ta tsufa. Wani dattijo da ke koyarwa a wurin bai ce da ni uffan ba, ya zaro ɗan makulli mai kusurwa shida daga aljihu, ya rage tsawon gindin, ya ɗaga matashin kunci kaɗan, ya matso da saitin baya, ya ce in sake kwanciya in rufe ido. Da na ɗora kunci na buɗe, sai ga ramin saitin daidai ƙwayar idona, ban nema ba. Harbi goma na biyu suka taru wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa. Bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, mutum ɗaya, ko kwabo ba a kashe ba. A ranar na yarda kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka awo shi ne farko. Gindin bindigar gasa yana da faranti mai hawa da sauka, mai shiga da fita. Ana daidaita shi ya zauna a kafaɗa wuri ɗaya kullum, yadda yatsanka zai isa kunama ba tare da ka miƙa hannu ko ka takure ba. Sai matashin kunci, wanda a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi rainawa. Kanka yana da nauyi. In wuyanka ne yake ɗauke da shi, kafin harbi na goma sha biyar wuyan ya gaji, idonka ya fara yawo a bayan saiti. Nauyin kai a kan matashin ya kamata ya sauka, kamar yadda kake ɗora shi a filo. Sai maɗaurin fata da ke tasowa daga damtsen hagu zuwa ƙarƙashin bindiga, da ɗan tokare da hannu ke jingina a kai. A kwance da durƙushe, maɗaurin nan da ƙashin hannu su ke ɗaukar bindigar, tsoka hutawa take yi. In ya yi sako-sako bindiga ta yi lilo, in ya matse jijiya sai ka ga bakin bindiga yana rawa da bugun zuciyarka.

Akwai gwajin da ba ya cin harsashi ko ɗaya. Ka kwanta, ka saita, ka rufe ido, ka ja numfashi biyu ka saki jiki, ka buɗe. Inda bindiga ta nuna a lokacin, can jikinka yake son harbi. In ta nuna hagu da allo, kada ka jawo ta da hannu. Ka gyara ƙugunka gabaki ɗaya har ta dawo da kanta. Iyayena maharba, na san kuna yin wannan a daji ba tare da kun sa masa suna ba.

Bayan awo sai saiti. Na baya wani ɗan akwati ne mai ƙaramin rami, faɗinsa milimita ɗaya da ɗan ɗori, na gaba kuma zobe ne. Sai ka sa baƙar da'irar allo a tsakiyar zoben, zoben a tsakiyar ramin, da'ira cikin da'ira. Allah ya yi idon ɗan Adam da iya gane tsakiyar da'ira, dabarar ke nan. Kuskuren sabon shiga shi ne zaɓen zobe matsattse, yana ganin zai fi daidai. Sai ya rasa farin da ke zagaye da baƙin, ido ya gaji, ya yi ta jinkirin harbi har numfashi ya ƙare. Gara zobe mai ɗan yalwa. A hasken ranarmu mai ƙarfi kuwa, ana rage ramin baya ko a sa gilashi mai rage haske. In har za ka kashe kuɗi a kan wani abu da wuri, to ramin saiti mai buɗewa da tsukewa shi ya cancanta. In kuma idonka yana da matsala, je ka ga likitan ido kafin ka ga dillalin kaya.

Kunama. A bindigar gasa hawa biyu gare ta: ka ja ta zo ta tsaya a wani ɗan tokare, ka ƙara matsi kaɗan ta tashi. Ta manyan 'yan wasa takan yi sauƙin da nauyin giram 100 ko ƙasa da haka zai tayar da ita. A nan zan ɗaga murya. Kada wani ya ɗauki bindiga ya kai wa maƙeri ko bakanike ya goge masa ƙarafan kunama don ta yi laushi. Na san muna da masu basirar hannu a garin nan, waɗanda za su farfaɗo da injin da kamfaninsa ya manta da shi. Wannan ba aikinsu ba ne. Kunamar da aka goge ba bisa ƙa'ida ba takan tashi da kanta in an rufe bindiga ko an ajiye ta da ƙarfi. Ana daidaita ta ne da nocinan da kamfanin ya tanada, a hannun wanda ya koya. Mai koyo ma ba ya bukatar mai laushi sosai, abin da yake bukata shi ne wadda take tashi a wuri ɗaya kullum. Wani abu kuma: tunda allurar gefe take duka, in kana danna kunama babu harsashi tana iya cin bakin ɗakin harsashin. Bindigogin gasa da yawa suna da hanyar atisaye ba tare da allura ta taɓa ƙarfe ba, ita ake bi.

Yanzu ga inda ƙasarmu ta shigo. Bindigogin nan a Jamus da Suwizalan ake ƙera mafi yawansu, Anschütz da Walther da Feinwerkbau da Bleiker, ƙasashen da ba su san hunturunmu ba. Katako yana shan danshi. A watan Agusta, lokacin da Yedzaram yake cike, ƙofar ɗakinka takan kumbura ta ƙi rufuwa, a Janairu kuma ta bushe ta bar kafa. Haka ƙotar bindiga ta katako take yi. Bututun bindigar gasa ba a so ya taɓa katako, ana so ya tsaya a sarari domin ya yi rawarsa iri ɗaya a kowane harbi. Gwajin mai sauƙi ne, ka zura takarda tsakanin bututu da katako, in ta wuce salin-alin to lafiya, in ta maƙale katako ya motsa. Nocinan da suka haɗa ƙarfe da ƙota su ma sukan saki da rani. Ana ɗaure su da makulli mai ma'auni, daidai lambar da kamfani ya faɗa, ba da ƙarfin tuwo ba. Ƙotar alminiyam ba ta da wannan ciwo, shi ya sa manya suka koma mata, amma tsadarta ba ta mai koyo ba ce. Ƙura kuwa abokiyar gaba ce. Ana share bututu daga baya zuwa gaba, a kiyaye bakinsa, domin ɗan tabo a nan ya isa ya watsa harbi. Bayan shara, harbin farko-farko ba sa zama daidai sai bututun ya sake shafuwa da maiƙon harsashi, don haka ba a wanke bindiga tas a shiga gasa kai tsaye.

Harsashi kuma yana da abin mamaki. Na gasa gudunsa wajen mita 320 zuwa 330 ne a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti da gangan. Masu saye da ido sukan nemi mai gudu, suna ganin ya fi. Mai gudun kuwa yana keta iyakar sauti ya dawo ƙasa da ita a hanya, a nan yake tangaɗi. Sannan kowace bindiga da irin abincinta. Ka ɗauko kwali biyu na kamfani ɗaya, Eley na Ingila ko Lapua na Finlan, suna ɗaya, farashi ɗaya, amma ba zubi ɗaya ba, sai ka ga bindigarka ta so ɗaya ta ƙi ɗaya. Shi ya sa manyan 'yan wasa suke kai bututunsu wurin gwaji, a ɗaure shi a maƙala, a gwada zubi daban-daban, wanda ya fi taruwa su saye shi da yawa. Mu da ba mu da wannan gata, littafi ya ishe mu: ka rubuta lambar zubi, rana, iska, da yadda harbi goma suka taru. Kuma a wanke hannu bayan taɓa harsashi. Dalma guba ce, abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a manta ba.

Iska fa? Harsashi mara nauyi, mai tafiya a hankali, iskar da ba ta isa ta ɗauke maka hula ba za ta fitar da shi daga goma. A fili ana kafa 'yan ƙyallaye a hanya, ɗan wasa yana karanta su. Wannan ba a saye a kanti. A nan ɗan maharbin da ya taso yana watsa toka don ya ga inda iska ta nufa kada nama ya sansano shi, ya riga ɗan birni nisa.

Akwai riga mai tauri ta kanbas da fata, da safar hannu, da takalmi na musamman. Suna taimako, musamman a tsaye, amma su ne na ƙarshe a layi, kuma duk wanda ya sa rigar nan a zafin Afrilu na Mubi zai san ya sa riga. Nauyin bindigar da komai nata kada ya wuce kilo 8, dokar wasa ke nan. Laya kuwa, iyayena, alƙalai ba su ce komai a kanta ba, sai dai ba ta gyara matashin kunci. Goro da shayi mai kauri kafin gasa suna sa hannu rawa. Ƙwaya ita ma ba mafita ba ce: a Olamfik ta 2008 an ƙwace lambobi biyu daga wani ɗan Koriya ta Arewa saboda an samu maganin rage bugun zuciya a jikinsa.

Na bar doka zuwa yanzu don ita ce ƙofar duk abin da na faɗa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja, sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma bindigar wasa irin wannan a nan ta faɗo, har da bindigar iska. Sai na ɗuri irin su adaka, waɗanda suke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 ma hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. To kada yaro ya fita daga ɗakin nan ya ce malam ya ce a nemi bindiga. Muna bakin iyaka, na san akwai mai raɗa maka a kunne cewa zai samo maka. Wanda ya bi shi, gidan yari ya nufa, kuma ya ɓata wa wasan suna tun bai tsiro ba.

Hanyar ita ce ƙungiya mai rajista, ƙarƙashin hukumar wasanni ta jiha da tarayyar wasan harbi ta ƙasa, bindigogi a ma'ajiyar hukuma, a sa hannu a ɗauka, a sa hannu a mayar, a ƙirga harsashi shiga da fita. Kuma ba da .22 ake farawa ba. Ana farawa da bindigar iska a mita 10, cikin ɗaki, inda goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Da ita Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a 2008, na farko da ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai a tarihin Olamfik. Akwai ma na'urar da ake maƙala wa bindiga, tana zana rawar hannunka a fuskar kwamfuta ba tare da an harba komai ba. Duk abin da na faɗa na awo, saiti, numfashi da kunama, a nan ake koyonsa. Mata kuma ba a baya suke ba, a wasan nan makinsu kafaɗa da kafaɗa yake da na maza, kuma jihar da ta haifi maharbiya Aisha Bakari Gombi ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Muna da jami'ar jiha a garin nan, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, muna da jami'an tsaro masu filin atisaye, muna da masarauta da maharba ke jin maganarta. Abin da ake bukata don farawa ɗaki ne mai tsawon mita 15, da bindigogin iska biyu ko uku masu takardu, da malami ɗaya da aka tura ya koyo. Roƙona ga shugaban wannan zama da dattawan Sabon Layi, ku zaɓi mutum uku, malamin makaranta da wakilin maharba da mace ɗaya, su rubuta takarda zuwa hukumar wasanni a Yola, su kai kwafi ga 'yan sanda da fadar Mai Martaba. Ku matasa kuma, kafin amsa ta zo, kowa ya je a gwada masa ido.